Zomayen Turawa

"Allah shi gafarta Malam, ba don nishaɗi nake sha ba," in ji Imrana ɗan kabu-kabu. "A rediyo na ji Turawa sun gwada sinadarin wiwi kan zomaye, hawan jinin idonsu ya sauka. Ni rigakafi nake yi."

Kotu ta fashe da dariya. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci ce, kuma a tashar Ƙauran Namoda aka kama shi da ƙulli uku a aljihu.

Alƙali ya kai takardar ƙara har bakin hancinsa, ya daɗe yana ƙanƙance ido, sannan ya miƙa wa magatakarda ya karanta masa.

"Kai zomo ne?" in ji alƙali.

"A'a."

"To, bulala arba'in. Ranar da kunnuwanka suka yi tsawo, ka ɗaukaka ƙara."

Aka zane shi gaban jama'a. Yana lallaɓa riga bisa bayansa aka ce alƙali na kiransa ciki.

Alƙali ya sa shi ya rufe ƙofa, ya laluba ƙullin nan uku a kan tebur, ya rage murya.

"Imrana, zomayen nan, sau nawa ake ba su a rana?"