Allura ta Huɗu

Saura kwana biyu Auta ya shiga gwajin ɗaukar ma'aikatan kashe gobara, kafaɗunsa suka riƙe. Wata huɗu ya yi yana gudu yana ɗaga ƙarfe, kuma bana ce damarsa ta ƙarshe, don baɗi shekarunsa sun haura ƙa'ida.

Yayarsa tela ce, irin matan nan da ba a taɓa jin "ban iya ba" a bakinsu. Ta taɓa raka shi asibiti wajen mai sassauta tsamin jiki da siraran allurai irin na Sinawa, ta zauna ta ƙura ido tana lura da inda ake cakawa. Wannan karon aka ce layi ya cika sai mako mai zuwa. Ba ta yi wata-wata ba ta sayo kwalin alluran a kasuwa.

Auta ya noƙe, ya ce gashi da ruwan zafi ma ya ishe shi. Ta yi masa dariya, wai ƙato da shi zai shiga wuta amma yana tsoron ɗan tsinke.

"Shekara ashirin ina riƙe da allura. Kwanta, malam."

Ya kwanta rubda ciki a kan teburin yankan yadi. Uku suka shiga lafiya. Ta huɗu, a gindin wuya, ta ga kamar ba ta zauna ba, sai ta ƙara dannawa. Ya yi tari, ya ce ƙirjinsa na suka. Ta ce ai alamar magani ya kama ke nan.

Kafin awa guda numfashi ya gagare shi.

A asibiti likita ya ce allurar ta huda huhu, ɓari guda ya lotse. Aka zura masa roba ta haƙarƙari. Da aka tambayi wanda ya yi wannan ɗanyen aiki, Auta ya ce wani mutum ne a wajen motsa jiki, bai san sunansa ba. Yaya tana tsaye riƙe da takalmansa, kunya ta hana ta buɗe baki. Har yau shirun nan yana cin ranta.

Ranar gwaji ta same shi a gadon asibiti yana kallon agogo.

"Ka zage ni mana, ko na ji sauƙi," ta ce tana kuka.

"Yaya, ai taimako kika nufa," ya ce, ya juya fuskarsa bango.

Jama'a, kallon aiki ba koyon aiki ba ne. Kada mu bari wanda bai karanci jikin mutum ba ya caka mana allura, komai ƙaunar da yake mana.