Telan da Ya Faɗi Inda Gauraki Suke

Ajiye wayar nan tukuna, ɗan'uwa, labarin ba gudu zai yi ba. Bari in ba ka wani misali, in ka ji sai ka yi abin da ka ga ya fi.

A wani gari da ke bakin fadama an yi wani tela mai son tsuntsaye. Ba ya harbi, ba ya ɗana tarko, shi dai kallo. Yana da abokai biyu masu irin ciwonsa, wani malamin makaranta da ya yi ritaya da wani mai sayar da magani. Madubin hangen nesa ɗaya gare su, shi ma ya sha ɗauri da roba, suna ta karɓa-karɓa. Mutanen gari na yi musu dariya, wai manya da gemu sun rasa aikin yi sai leƙen balbela. Su ko a jikinsu. Duk wanda ya ji za a nuna shirin namun daji a talabijin sai ya sanar da sauran, su taru a shagon tela, keken ɗinki ya huta. Wanda ba ya wuce su kuwa shi ne wani shiri na rediyo da masu saurare ke bugo waya, kowa ya faɗi tsuntsun da ya gani da yadda ake gane kukansa.

Wata damina tela ya fita da sassafe, ya tarar da abin da rabonsa da gani tun yana yaro. Gauraki ne biyu, mace da namiji, da tukkunsu mai ruwan zinariya, sun yi sheƙa cikin dogayen ciyayi, har sun ƙyanƙyashe. Ya daɗe durƙushe cikin taɓo yana share hawaye. Da ya kai wa abokansa labari, malamin ya ce a bar maganar tsakaninsu har 'ya'yan su iya tashi, domin akwai masu kama gauraki suna kai wa masu hali su yi ado da su a tsakar gida. Tela ya ce ko da wuƙa a wuyansa ba za a ji daga bakinsa ba, kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Ranar shirin rediyo aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, abokan ba su samu zuwa ba, tela na zaune shi kaɗai. Sai wani tsoho ya bugo daga wani ƙauye. Ya ce da ƙuruciyarsa kukan gauraki ke tashinsu da asuba, yanzu sun ƙare, jikokinsa ba su san su ba sai a hoto, kuma burinsa ya sake ganin ko ɗaya kafin ƙasa ta rufe masa ido. Zuciyar tela ta karye. Ya ɗauki waya ya buga, ya ce, "Baba, kada ka yanke ƙauna. Gauraki suna nan, da idona na gan su." Mai gabatar da shirin ya tambaye shi a ina, shi ma don murna. Tela ya kwatanta tiryan-tiryan, bayan tsohon wurin buga bulo, daidai giginyar da tsawa ta tsaga. Da tsoho ɗaya yake magana, ya manta rediyo ba ta zaɓen kunne. Sai da ya ajiye wayar ya gane ɓarnar da ya yi.

Tela ya bar ɗinkin mutane yana yini gadi a bakin fadama, har masu kaya suka fara ƙorafi. Da mako ya zagayo ya sake bugawa ya ƙaryata kansa, ya ce idonsa ne ya yaudare shi, zalɓe ne ya gani. Aka yi ta masa dariya, mutumin da ya tsufa a kallon tsuntsaye wai bai bambance zalɓe da gauraka ba. Ya haɗiye duk wannan. Amma wanda ya ji maganar farko bai jira ta biyu ba. Ran Juma'a tela ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar an tattake ciyawa, ga sawun takalma, ga gashi a warwatse, sheƙa wayam. An tafi da uwar da 'ya'yanta, namijin kaɗai ya tsira.

Bayan 'yan kwanaki sai ga tsohon an ɗauko shi a babur yana cigiyar telan rediyo, don shi bai yarda da zancen zalɓe ba. Tela ya riƙe masa hannu har bakin ruwa. Suka tarar da namijin tsaye inda sheƙar take, yana kuka yana waige-waige. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Na gani, Allah ya yi maka albarka. To ina matarsa? Ai gauraka ba ya zama shi kaɗai." Kafin ruwa ya ɗauke namijin ma ya tashi, kuma ba a sake ganinsa a fadamar ba.

Ni dai tausayin telan nake ji fiye da ganin laifinsa. Ba mugunta ta buɗe masa baki ba, ba neman suna ba, jinƙai ne, kuma ya yi iya yinsa don ya mayar da abin da ya faɗa. Sai dai Hausawa sun riga sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.