Ɗan Fari a Gidan Haya

Ku da kuke cewa tun da waya ta zo ƙafa ta huta, ku ba ni kunnenku. An yi wata ma'aikaciyar lafiya, irin waɗanda gwamnati ke turawa gida-gida su riƙa duba masu jego da jariransu. Cikin gidajen da aka ba ta akwai na wata matar direban tirela, ɗaki ɗaya a gidan haya can bayan gari. Haihuwar fari ce, ɗa namiji. Gwaggon mai jegon ta zo daga ƙauye ta yi mata wanka, ana yin arba'in ta ɗaure kayanta ta koma, domin gona ba ta jiran kowa. Mijin kuwa kullum yana bisa hanya. Sai damina ta kankama, ruwa ya cinye kwalbatin shiga unguwar, ma'aikaciyar ta ce ai ga waya, me zai sa babbar mace kamarta tattare zane a cikin taɓo? Duk Laraba sai ta kira. Ya gida? Lafiya lau. Ya jego? Da godiya. Ya yaron? Sai shiru, sai 'yar dariya, sai a ce yana nan. Ma'aikaciyar kuwa ta san kunyar ɗan fari, don nata har ya yi gemu ba ta taɓa kama sunansa ba. Sai ta yi murmushi, ta rubuta "lafiya" a takarda ta rufe. Laraba uku ana haka.

Amma bayan kira na uku zama ya gagare ta. Ta ji kukan jaririn a wayar, kuka ne da ya dishe, kuma daga nesa yake fitowa. Me ya kai ɗan wata biyu nesa da uwarsa? Ta zuba abinci ta kasa ci. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta leƙa waje ta dawo, ta sake leƙawa. Can sai nata jegon ya faɗo mata. Lalle ta yi kunya, ta sha kau da kai yaro na kuka, amma tana kau da kai hannuwa ke miƙowa, ga kaka, ga inna, ga matan gida. Ashe kunyar ta yi kyau ne don akwai mai ɗauka. Wannan baiwar Allah kuwa ta taho birni da kunyar, ta baro masu ɗaukar a ƙauye. Nan take ta fita. Ta cire takalma ta riƙe a hannu, ta ratsa ruwa har gwiwa. Tana shiga gidan ta tarar da mai jegon a bakin ƙofa, ɗaki a rufe, jariri na ciki yana ta kuka, ita kuma ta zauna a kan hannuwanta biyu ta danne su. Ma'aikaciyar ta tura ƙofa ta ɗauko yaron, ta ɗaga rigarsa, sai ga shatin yatsu a damatsansa, har ya fara baƙi.

"Anti, kwana huɗu ban runtsa ba," in ji mai jegon, kanta a ƙasa. "Jiya na damƙe shi, ban san lokacin da na yi ba. Wallahi tsoron hannuna nake ji. Wa zan gaya wa? A ce ba ni da kunya, ina maganar ɗan fari?"

Ma'aikaciyar ba ta yi mata faɗa ba, da wane bakin? Ta ce, "Shiga ki kwanta, ƙanwata, yau yaron yana hannuna." Ta goya shi ta kai asibiti, aka duba aka ce Allah ya kiyaye. Da ta dawo ta ƙwanƙwasa ɗakin da ke jikin nasu, wata tsohuwa mai daddawa ta fito tana cewa ita fa kullum tana jin kukan, hannunta har ƙaiƙayi yake, amma tana gudun a ce ta cika shisshigi. Tun daga ranar, da hantsi yaron yana bayan tsohuwa, uwar ta sami barci, Laraba kuma ko ruwa ko iska ma'aikaciyar tana bakin ƙofar nan. Sai dai ran da ta buɗe takardarta don ta rubuta abin da ta gani, ta iske "lafiya" har sau uku a jere, da rubutun hannunta, na ƙarshen kuma a ranar da shatin nan yake jikin yaron. Kunya ta kama ta, ta daɗe tana kallon takardar, ta kasa gogewa.

Shi ya sa Hausawa suka ce zuwa da kai ya fi saƙo.