Jakar Hajiyar Papua

Talal bai ko amsa sallamar Mas'uda ba. Idonsa na kan jakar saƙa da ta rataya a kafaɗa, mai farin tauraro a kan ja.

"Cire ta," ya ce ƙasa-ƙasa, yana waiwayen alhazan Indunusiya da ke hawa motar kamfanin da yake wa aiki a unguwar Aziziyya ta Makka. "Tutar 'yan awaren Papua ce, masu neman ɓallewa daga Indunusiya."

"Na sani. Wadda ta ba ni ta faɗa min."

A Mina Mas'uda ta haɗu da tsohuwar, baƙa kamar ita, har ta gaishe ta da Hausa tana zaton 'yar gida ce. Da guntun Larabci matar ta ba ta labarin ɗanta da aka ɗaure don ya ɗaga tutar ƙasarsu.

"To ina ruwanki? Saura wata guda ɗaurin aurenmu, kuma ko igama, takardar izinin zama, ba ki da ita."

"A Tandabawi, nan cikin Makka, aka haife ni, Talal, amma kullum sai an tambaye ni daga ina nake. Yau kai ne mai tambayata ina ruwana da wanda aka hana shi ƙasarsa?"

Ya sunkuyar da kai, ya miƙo mata baƙar leda. "Sa ta a nan kawai, kada a gani."

Ta kalli ledar, ba ta karɓa ba.

"Ajiye ta. Ranar da ka fara jin kunyar a gan ka da ni, sai ka sa ni a ciki."

Ta gyara jakar, tauraron na waje, ta bi ta gefen motar a hankali.