Fuskar da Take Gudu

Kwana huɗu ke nan matar tana riga mai zanen zuwa shagonsa. Sai ya tarar da ita tsaye a bakin ƙofa, fensir a hannu, tana ɗan jijjiga jiki hagu da dama.

Ranar farko ta ce masa fuska take so ta zana, fuska ɗaya tak, kuma cikin mako guda. Dattijon ya yi murmushi. Shekara talatin yana koyar da zane, bai taɓa ganin wanda ya fara da fuska ba. Ya ce ta kwatanta masa ya zana mata. Sau uku suna gwadawa, kowane karo wata daban ce take fitowa a takardar.

"Bakina ba ya iya faɗarta, Malam. A idona take. Hannuna kawai za ka koya wa."

Tela ce, hannunta ya san layi. Sai ya ɗora ta a kan atisayen da yake ba ɗalibansa. Ta yi da'ira ɗari ba ta ɗaga fensir ba. Ya juya mata hoto kai a ƙasa ta kwafa, don ido ya daina tunanin ya san hanci, ya koma kallon abin da ke gabansa. Ya kare mata takarda da kwali, ta zana shi ba ta ganin hannunta. Hancinsa ya fito kusa da kunne, ɗalibai suka fashe da dariya, shi ma ya ce ta fi madubinsa faɗar gaskiya. Ko murmushi ba ta yi ba, wata takardar ta jawo.

Ba ta cin komai. Da rana gaban rigarta yakan jiƙe, ta ja mayafi ta rufe, mai zanen ya ƙara mata ƙarfin fanka. Sau ɗaya mijinta ya zo, idanu jajur, ya roƙe ta ta koma gida, 'yan'uwa sun cika ɗaki suna tambayarta. Ba ta ɗago ba. Nan dattijon ya gane rashi aka yi, ya daina yi mata wasa.

Rana ta biyar ta ajiye fensir.

"Tana gudu, Malam. Jiya ina da kunnenta, yau babu. Gobe ban san me zai rage ba."

Ya sallami ɗalibai, ya jawo kujera kusa da ita. Ya ce ta rufe ido, kada ta bi fuskar da gudu. Ta tuna wurin, ta tuna ta ina haske yake zuwa, ta fara da abin da idonta ya fara sauka a kai.

Ta rufe ido, ta buɗe, sannan fensir ya motsa. Hannaye biyu ta fara zanawa, a miƙe. Sai kafaɗa, sai haɓa. Wushirya ta fito, da ɗan tabon ƙuna a ƙarƙashin idon hagu. Kafin inuwa ta kai bakin ƙofa, ga dattijuwa a takarda tana murmushi, irin fuskar da kowa zai so ya gaishe ta.

Matar ta kalle ta.

"Ita ce."

"Mahaifiyarki ce?"

"Ta dai kira ni 'yata."

Ta naɗe takardar a hankali, ta tambaye shi inda ake buga ɗari irinta. Ya kwatanta mata, sannan ya sassauta murya.

"Allah ya jiƙanta. Yaushe ta rasu?"

"Tana raye, Malam, ko sunanta ban sani ba. 'Yan sanda sun ce da a ce akwai hoto, da aikin ya zo da sauƙi. Ita ce na ba riƙon jaririyata a tashar mota in sayo ruwa."