Gidan da Malam Maidaji Ya Zana

Koren fenti ya ƙare kafin Malam Maidaji ya gama ganyen gwaiba. Ya matse bututun har ƙarshe, ya ajiye buroshi, ya dubi tagar ɗakin. Ƙarafa ne a jikinta, bayan ƙarafan kuma bangon wani benen, kusa har mutum ya iya miƙa hannu ya taɓa.

Wata guda ya zo yi a Guangzhou wurin autansa Tankari, mai sarin tufafi a kasuwar Canaan, ya ga jikoki, likita kuma ya duba masa zuciya. Da farkon damina ya baro Maradi. Ga shi har sanyi ya shigo, yana nan.

Da farko an yi ta yawo da shi, an kai shi bakin kogi, an ɗora shi a jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari. Sai wata safiya Tankari ya daɗe yana waya a matakala, ya dawo idanunsa jajir, ya ce mura ce. Washegari ya shigo da allunan zane da akwatin fentin mai. Ya ce tunda Baba a koyar da zane ya ƙare aikinsa, ya zana musu gidan Maradi, yara su san inda ubansu ya tashi.

Abin ya yi wa Malam daɗi. Ya zana ƙofar gida da dakalin da yake shan iska da yamma. Tankari ya ɗauki hoton zanen a waya, ya nemi ya zana zaure. Bayan zaure, tsakar gida ta kowace kusurwa. Sannan garkar bayan gida, da rijiyarta, da lemo da lallen da marigayiya matar Malam ta dasa. Kullum da tambayar da zai yi. Tagar ɗakin nan gabas take kallo ko kudu? Katangar ta wuce kafaɗa? Bai taɓa cewa zanen ya yi kyau ba.

Duk sanda Malam ya ɗauko zancen komawa, sai a ce fasfo yana wurin sabunta biza. Wayarsa ba ta samun gida a ƙasar nan. In yana son jin muryar babbar 'yarsa Sabuwa, Tankari ne zai kira masa, ya kuma tsaya a kansa har a gama. Ita ma gaisuwa ce a gaggauce, kowa lafiya. Ya roƙe ta ta shiga garka ta nuna masa lemon a bidiyo, ta ce layi ba kyau.

Rahila, matar Tankari, ba ta rage shi da komai ba. Takan durƙusa ta miƙo maganin zuciya da ruwa a kan lokaci. Amma da ya shigo falo sai ta kife wayarta.

Sau ɗaya ya gwada fita shi kaɗai. Bai iya karanta ko allo ɗaya ba, duk wanda ya tara kuma sai ya kaɗa hannu ya wuce. Mai gadin benen ne ya tsinto shi ya dawo da shi kamar akuyar da ta ɓalle. Amma a wannan fitar ya ga wani shago cike da zane-zanen mai, gidaje da furanni, kowanne da farashi a maƙale. Tun daga ranar wani tunani ya shiga ransa ya ƙi fita: ko sayar da zane-zanensa Tankari yake yi.

Ranar wata Juma'a a masallacin Huaisheng, wani dattijo ɗan Maradi ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce sai haƙuri Malam, Allah ya musanya da mafi alheri. Tankari ya shiga tsakani, ya ce za su rasa mota, ya janye shi. A hanya Malam ya yi ta juya maganar a ransa. Ashe har mutanen gari sun san ɗansa ya kulle shi a ɗaki ya mai da shi lebura, suna tausaya masa.

Yau da azahar Tankari ya shigo da sabon bututun kore. Ya ce in an gama gwaibar, saura madafa, daga ciki, da inda murhu yake.

Malam ya ture bututun gefe. "Ba zan ƙara ɗiga fenti ba. Ka kawo mini fasfona. Gidana nake so, na gaji da zana shi."

Tankari ya durƙusa. "Baba, ka ƙara mini haƙuri kaɗan. Wannan ɗaya ya rage."

"Ka faɗa wa mai sayen zane-zanen na mutu."

Tankari ya buɗe baki, ya dubi kwalbar maganin da ke kan tebur, ya rufe. Ya tashi ya shiga banɗaki, aka ji ruwa yana zuba. Wayarsa ya bari a kan kujera.

Ta fara ruri. Lambar Nijar ce. Malam ya saurara, ruwan bai tsaya ba. Ya ɗauka ya kara a kunne, bai yi magana ba. Daga can ana jin bugun guduma da ƙarar shebur a cikin yashi.

"Alhaji Tankari, Ma'azu magini ne. Zaure da ɗakunan duk sun tashi yadda suke a hotunan, lemon da muka dasa ma ya kama. Don Allah ka lallaɓa tsoho ya zano mana madafar nan, don ita, ambaliyar da ta cinye gidan ko tushenta ba ta bar mana ba."