Wardin da Ba Ya Ƙorafi

Tana tsugune a lambun da take sayar da furanni, tana yanke busassun rassa, sai ta ga takalman tsohon mijinta a gabanta. Ba ta miƙe ba.

"Wardi nake so in dasa a gida," in ji shi. "Mai cika wuri, wanda ba sai an yi ta fama da shi ba."

Ta nuna tukwanen jikin katanga da almakashi. "Ga shi can. Ruwa jefi-jefi ya ishe shi. Ko ka manta da shi ba zai yi ƙorafi ba. Daidai da kai."

"Maman yara, ba fure ya kawo ni ba. Ki dawo ɗakinki."

Sai a lokacin ta ɗago ta zuba masa ido.

"Ra'ayinka ne, ko yayarka ce ta gaji da riƙe maka gida?"

Ya kau da kai.

"Na sani. Matsa, kana taka min tiyo."

Ya janye ƙafarsa. Sai da ya fice daga ƙofa ta zauna daɓas a kan buhun taki.